Ra'ayinmu: A Tasawa da Mayahi, Cuta Daga Kasuwa Take Farawa

Kowace shekara, da zarar damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba, gidajen likita na gundumomin Tasawa da Mayahi sukan cika maƙil da mata masu goyo. Cututtuka biyu ne ke haɗuwa a jikin yaran da suke kawowa, tamowa da zazzaɓin cizon sauro, kowace tana buɗe wa ƴar'uwarta ƙofa. Ma'aikatan kiwon lafiya sun san zuwan wannan lokaci kamar yadda manomi ya san lokacin shuka. To, abin da ke zuwa a kan kari kowace shekara ya wuce a kira shi tsautsayi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a ganin wannan jarida, tushen ciwon yana cikin farashin tiyar hatsi, da rashin aikin yi ga magidanta da samari, da kuɗin da ake nema a bakin ƙofar likita. Waɗannan abubuwa uku kuwa duk suna da alaƙa da shawarwarin da ake yankewa a Yamai, wani lokaci ma a Washinton ko Faris, inda babu wanda ya taɓa jin sunan Korgom ko Kanambakashe.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna kowace ɗaya daga cikin gundumomin nan biyu tana ɗauke da mutane fiye da dubu 500, kuma binciken lafiya na wannan shekarar ya nuna matan jahar Maraɗi suna cikin waɗanda suka fi yawan haihuwa a ƙasa baki ɗaya, sama da ƴaƴa 8 ga kowace mace. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Gamanar da mace take samu ta shuka wake da ɗan ridi don cefanen gidanta tana ƙanƙancewa, a wasu garuruwan ma ta ɓace. Saboda haka magidanci mai ƙaramin ƙarfi, ko da damina ta yi kyau, abin da ya girbe ba ya kai shi rabin shekara. Sauran watannin a kasuwa yake cin abinci, da kuɗin barema ko na ci-rani. Duk wanda bai fahimci wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa jahar da ake kira rumbun ƙasa ita ce kuma kan gaba wajen yawan yara masu tamowa ba.

Dattawan Tasawa suna tune da zamanin gyaɗa. Daga lokacin mulkin mallaka har zuwa ƙarshen shekarun 1960, gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 yana saye, masana'antar mai ta Maraɗi tana matsa, ƴan dako da masu awo da direbobi suna samun na sawa a bakin salati. Ba mu ce zamanin aljanna ba ne, domin haraji ya ci talaka, kuma farashin da ake ba manomi bai taka kara ya karya ba. Amma akwai kuɗin da ke shiga ƙauye a kan lokaci. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan sana'a, gwamnati ta juya ga kuɗin yuraniyom na Arlit, shi ma farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, ya bar ƙasa da tulin bashi.

Daga nan ne aka shiga abin da aka kira gyaran tattalin arziki. Tun daga 1983 gwamnatin Seyni Kountché ta fara sa hannu a yarjeniyoyi da asusun FMI, sannan da Bankin Duniya a 1986. Sharuɗɗan sanannu ne: a rage kashe kuɗin gwamnati, a sayar ko a rufe kamfanonin ƙasa, a sakar wa ƴan kasuwa cinikin hatsi, a daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki kai-tsaye. SONARA ta rushe. Ofishin OPVN, wanda aka kafa a 1970 don daidaita farashin abinci, aka rage masa aiki ya koma mai ajiyar hatsin ko-ta-kwana. Gaskiya ɗaya ce, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: da yawa daga cikin kamfanonin nan almubazzaranci da son kai na magabatanmu sun riga sun cinye su kafin baƙo ya zo da wuƙarsa. Amma an rushe tsohon ɗaki ba a gina sabo ba, aka bar manomi tsakaninsa da mai kuɗi, ya sayar da arha a kaka don biyan bashi, ya sayo da tsada a bazara da wani sabon bashin. Tun a 1987 hukumar UNICEF ta yi kashedi cewa irin wannan gyara, in ba a sa tausayi a cikinsa ba, yara ne za su biya kuɗinsa. Ɗaliban da suka fito a Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy, tsuke bakin aljihun ilimi suke ƙi, kuma jininsu na cikin abin da ya kai mu ga Taron Ƙasa na 1991.

Shekarun da suka biyo baya sun fi tsanani. A watan Janairu 1994, a Dakar, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsalle, alhali ma'aikatan gwamnati suna bin bashin albashi na watanni, malaman asibiti suna yajin aiki, ɗakunan ajiyar magani babu kome sai ƙura. Shekara ɗaya bayan haka, a 1995, aka kafa dokar da ta ɗora wa maras lafiya biyan wani kaso na kuɗin jinyarsa, bisa tsarin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987. Masu tsarin sun ce da kuɗin za a riƙa sayen magani, kuma lalle a wurare da dama magani ya dawo kan kanta. Sai dai wa zai saya? Matar da ke wani ƙauye a arewacin Mayahi, wadda za ta hau amalanke ta yi tafiyar rabin yini, ta bar aikin gona, sannan a ce ta biya kafin a duba ɗanta, lissafi take yi, kuma sau da yawa lissafin yakan ƙare a wurin mai tallar ƙwayoyi a kan tire ko wurin mai saiwa. Sai jiki ya yi tsanani ake tafiya likita, a lokacin da magani ya kusa ƙarewa da amfani. A wannan shekarar ta 1995 ne kuma sanƙarau ya kashe dubban ƴan ƙasa, har aka yi wa dubban mutane allurar rigakafin jabu.

Shekarar 2005 ita ce ta tona asirin wannan tafiya gaba ɗaya. Fari da fara sun taɓa daminar 2004, amma giɓin hatsin da aka lissafa bai kai kashi ɗaya cikin goma na bukatar ƙasa ba. Hatsi yana nan a kasuwannin Maraɗi da Tasawa, ana auna shi a gaban mai jin yunwa. Farashi ne ya gagari talaka, buhu ya kusan jika 30 a wasu kasuwanni, yayin da darajar akuya da tunkiya ta faɗi warwas. Ana cikin wannan hali gwamnatin Hama Amadou, wadda ke neman cika alkawarinta ga FMI, ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara, sukari, garin alkama, ruwa da lantarki, sai da ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka rufe birane a watan Maris kafin a janye mafi yawansa. Watanni aka shafe ana sayar da hatsi a farashi mai rahusa ga mutanen da ba su da ko dala, don gudun kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa. Mutane suka koma cin anza da tafasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara, akasarinsu a jahar Maraɗi. Shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa akwai yunwa, kuma a 2008 gwamnatinsa ta dakatar da aikin reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya riga ya bayyana tun 1981 cewa mutane kan mutu da yunwa a gefen kasuwa mai cike da abinci idan abin hannunsu ya kasa saye. Mu a nan gani ya kori ji. Wani abin takaicin kuma shi ne, ƴaƴan ƙasar gyaɗa da abincin gyaɗa na cikin leda, wanda aka ƙirƙiro a Faransa, aka ceto rayukansu.

Akwai masu cewa laifin iyaye mata ne: ba su iya ciyar da yara ba, suna yaye da wuri, suna haihuwa kusa da kusa, suna bin camfi. A cikin maganar akwai ƙamshin gaskiya, kuma wannan jarida tana goyon bayan tazarar haihuwa, da barin ƴan mata su yi karatu, da shayar da jariri nono zalla wata shida. Amma mai wannan magana ya amsa mana tambaya ɗaya: me ya sa tamowa ke hawa idan farashin hatsi ya hau, ta sauka idan ya sauka? Ashe camfi ma yana bin farashin kasuwa? Uwar da aka koya wa ta ba ɗanta ƙwai da wake da mai, alhali fura ce tsararo a gidanta safe da yamma, an ƙara mata ilimi ne kawai a kan abin da ba ta da halin yi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ya faru lokacin da aka sauya hanya. Da kuɗin da aka samu daga yafe bashi aka gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2000 a karkara, sannan a 2006 aka ayyana jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki ga mata. Nan take mata suka yi tururuwa zuwa likita, waɗanda a da ake cewa jahilci ne ya hana su zuwa. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar ya sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. A Tasawa kanta, a 2008, ƙungiyar Save the Children ta raba wa gidaje 1500 mafiya talauci jika 60 kowane, kashi uku, a watannin da rumbu ke ƙarewa. Gidajen suka sayi hatsi da mai da wake, suka rage cin bashi, magidanta suka samu zama a gonakinsu maimakon yin barema a gonar wani. Jikin yara ya fara murmurewa, amma da cututtukan damina suka shigo sai ci-gaban ya ja baya, abin da ke nuna cewa abinci da magani tare suke tafiya, ɗaya ba ya isa ba tare da ɗaya ba. Sai dai kash, jinyar kyauta ta yi ta tangal-tangal saboda baitulmali ba ya biyan gidajen likita kuɗinsu a kan lokaci, bashin ya taru shekara da shekaru, har ta kai ana duba yaro kyauta a miƙa wa uwarsa takardar sayen magani a waje.

Mu dawo kan rashin aikin yi, wanda shi ne uwa uba. Alƙaluman hukuma sukan nuna marasa aiki kaɗan ne a Nijar, domin duk wanda ya riƙe hauya ana lissafa shi cikin masu aiki. Amma aikin gona wata huɗu ne ko biyar. Sauran watannin fa? Gulbin Kaba yana ba matan Mayahi kabar saƙa tabarma da igiya, kasuwannin mako suna ba wasu ɗan abin juyawa, amma babu wata masana'anta a gundumomin nan biyu da za ta ɗauki samari ɗari a lokaci guda. Wanda ya yi karatu har ya samu takarda, in ya yi sa'a ya zama malamin kwantaragi mai jiran albashi, in bai yi ba ya koma kabu-kabu. Saura kuwa sai ci-rani: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya, ko ramukan zinariya na Jado. Kowace hanya da irin cutarta. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92, galibinsu mata da yara daga yankin Kance na maƙwabciyarmu Damagaram, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, cikin jaharmu, ya kashe aƙalla mutane 18. A 2024 kaɗai Aljeriya ta koro mutane fiye da dubu 30 ta iyakar Asamaka. Waɗanda suka dawo da rai, wani da tarin fuka, wani da ciwon sanyi ya kai wa iyalinsa, wani kuma ya koyo shan tiramol don jure aikin da ya fi ƙarfin jiki. A gida kuwa an bar mace da goyo da ciki, ita ce noma, ita ce ɗiban ruwa, ita ce daka, ina ta ga lokacin dama wa yaro kunu sau huɗu a yini? Wannan ba a kanmu aka fara ba. A Rasha, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, da masana'antu suka rufe miliyoyi suka rasa aiki, tsawon ran maza ya faɗo daga kusan shekara 64 a 1990 zuwa ƙasa da 58 a 1994, ba tare da an yi yaƙin duniya ko wata annoba ba.

Shekarun baya-bayan nan sun sake maimaita mana darasin. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, wake da dabbobinmu suka rasa masaya. A 2023 ta janye tallafin man fetur ta saki naira, kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa daga Kano ya zama in an canza shi zuwa sefa bai fi cikin cokali ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya tsayar da manyan motoci ɗauke da magani da abincin yara a bakin iyaka, har zuwa Fabrairu 2024 da aka ɗage shi. Waɗanda suka sa takunkumin da waɗanda aka sa dominsu, babu ɗayansu da ya kwana da yunwa. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wadda ke cikin manyan masu biyan kuɗin abincin jinyar tamowa a duniya. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabci ya yi fushi da yunwa zai kwana.

Mun yaba da matakin da hukumomi suka ɗauka a 2024 na rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati da mayar da haihuwa kyauta. Mataki ne da ya dace, amma tarihin 2006 ya koya mana cewa sa hannu a takarda ya fi biyan kuɗi sauƙi. Don haka muna kira ga mahukunta da abubuwa kamar haka.

Na farko, a riƙa biyan gidajen likita kuɗin jinyar da suka yi kyauta ko da rahusa a kan lokaci, a kuma buga wa jama'a abin da aka biya kowace gunduma da abin da ya saura, domin mutumin Urafan ya san ko Yamai ce ta yi jinkiri ko a hanya kuɗin ya maƙale. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya. Tun da aka fara fitar da ɗanyen man Agadem ta bututu a 2024, hujjar babu ta ragu, kuma muna son a nuna wa ƴan ƙasa nawa ne daga kuɗin man ya isa ɗakin shan magani na ƙauye.

Na biyu, a tsaya wa manomi a kaka, a tsaya wa mai saye a bazara. OPVN ta sayi hatsi da wuri daga hannun manoma da ƙungiyoyinsu a farashin da zai fitar da su, ta fito da shi tun kafin farashi ya haukace. A faɗaɗa tsarin nan da manomi ke ajiye amfaninsa a sito ya karɓi rance a kansa, ya sayar idan kasuwa ta yi kyau. Duk wata dokar hana fitar da abinci, irin wadda aka kafa a 2024, a auna ta da ma'auni biyu, domin mai sayen hatsi a watan Yuli shi ne mai sayar da wake a watan Nuwamba.

Na uku, a samar da aikin rani a gida. Gyaran ƙasar da ta mutu, haƙa tafkuna, rijiyoyin noman rani, hanyoyin karkara, da ƙananan injinan matsar gyaɗa da sarrafa wake a Tasawa da Mayahi, duk ayyuka ne da za su riƙe saurayi kusa da iyalinsa. Manoman Maraɗi sun riga sun nuna wa duniya abin da za su iya, da suka mayar da miliyoyin itatuwan gawo da kalgo cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, ba tare da wani babban jari ba.

Na huɗu, tallafin kuɗi ga gidaje mafiya rauni a watannin ƙarancin abinci ya shiga cikin kasafin kuɗin ƙasa, a daina barin sa ga ƙungiyoyin waje, a kuma danƙa shi a hannun mata. Sarakuna da malamai da masu hannu da shuni na yankin su ma da nasu kason: zakkar hatsi ta isa ga mai ita, kuma mai ɓoye abinci yana jiran tsada ya ji tsoron Allah.

Daga ƙarshe, duk wata yarjejeniya da za a ƙulla da masu ba da bashi, ko na yamma ne ko na gabas, da duk wani sabon haraji, a fara tambaya tukuna: me zai yi wa farashin tiya, me zai yi wa kuɗin magani, mutum nawa zai raba da aikinsu? A kuma saurari amsar daga bakin ungozoma da malamin asibiti da manomi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a fafe gora ranar tafiya; shirin damina mai zuwa tun daga wannan kakar ake fara shi. Allah ya ba magabatanmu ikon ji da aikatawa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.